Bakano, Ba A Tayawa A Gidan Nan

Alhaji, labari ya iso mu Zariya cewa an buga maka bizar Amurka, za ka Shikago bikin kammala karatun yaronka. Barka da arziki. Na kuma ji cewa yaron, da yake hankalin uwarsa ya ɗauko, ya ce lallai sai ya kai ka babban gidan tarihin garin, Field Museum, wanda ke bakin tafkin Mishigan. To ubangida ba ya zuba ido bawansa ya je ya kunyata shi a ƙasar mutane, don haka zauna in yi maka bita tun kafin ka hau jirgi. Na riga ka shiga gidan, kamar yadda muka riga ku komai in ban da ƙirga kuɗi.

Tun daga ƙofa, kuɗin shiga ba a tayawa. Yarinyar da ke bayan kanta za ta faɗi farashi, kai kuma ka miƙa kati. Kada ka ce mata, "Haba Hajiya, nawa za ki bari?" Kada kuma ka juya kamar za ka tafi kana jiran ta kira ka ta ce kawo. Ba za ta kira ba, akwai layi a bayanka. Akwai ranakun da mazauna jihar Illinois ke shiga kyauta, na kuwa san da ka ji haka zuciyarka za ta fara saƙa maka wani abu. Suna duba katin shaida. Ko ba su duba ba, yadda idonka ke auna kuɗin takalmin duk wanda ya gifta ya isa ya tona cewa daga Kantin Kwari kake.

Kana shiga babban zauren za ka yi kiciɓis da giwaye biyu, toraye, suna artabu, ɗaya ya ɗaga hanci sama. Daga Kenya aka kawo su, gidan tarihin yana nuna su tun 1909. Carl Akeley ne ya yi aikin, mutumin da ya fitar da sana'ar adana dabba daga cusa ciyawa a fata: sai ya auna gawar, ya gina jikin da kansa tsoka bayan tsoka, sannan ya ɗora fatar a kai. Ɗaya daga cikin giwayen ma matarsa Delia ce ta harbe. Ka tsaya ka gaishe su da ladabi, tunda kun cika mana kunne da kirarin Kano tumbin giwa. Ka zagaya ka duba da kyau. Girma ga shi nan, haure ga shi nan, amma ciki babu tumbi, babu hanji, babu komai. Ban ce komai ba.

Kusa da su akwai Máximo, ƙwarangwal ɗin wani dainaso mai cin ganye daga Ajantina, tsawonsa mita 37, kamar a jera tirela biyu hanci da gindi. Kansa yana leƙen masu tsayuwa a bene. An yarda ka taɓa shi, domin ba ƙashin gaske ba ne, zubi ne aka yi daga na asalin aka kafa a 2018. Kai da ka ƙware wajen rantse wa ƙauyawa cewa 'yar kwaikwayo ita ce ta asali, ka lura da abu ɗaya: su nan sun rubuta a allo cewa kwafi ne. Ba su jira an kama su ba.

Inda nake tsoron hawan jininka shi ne sama, ɗakin Sue. Ka sha maganinka kafin ka hau.

Sue dainaso ne mai cin nama, irin da ake kira Tyrannosaurus rex. Tsawonsa ya haura mita 12, tsayinsa a ƙugu kusan mita 4, masana kuma sun ce ya rayu shekara miliyan 67 da suka wuce. Wannan kam ƙashin gaske ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na jikin an same shi. Wata mata mai suna Sue Hendrickson ce ta hango ƙasusuwan sun leƙo daga jikin wani gaɓa a jihar Dakota ta Kudu a watan Agusta na 1990, aka sa masa sunanta. Har yau ba a san ko namiji ne ko mace ba. Ku da kuke mana dariya wai Bazazzage bai bambance namiji da mace a magana, ga manyan masana da na'urorinsu sun shekara talatin suna dubawa sun kasa. Mu mun huta tun tuni: shi ne.

Yanzu ga lissafin, na san shi kake jira. Kamfanin da ya tono ƙasusuwan ya ba mai filin, Maurice Williams, dala 5,000. Daga baya rigima ta tashi. Shi ya ce bai sallama ba, gwamnati ta shigo domin filin yana cikin ƙasar 'yan asalin Amurka da take riƙe da amanarta, a 1992 jami'an FBI suka zo suka kwashe kayan. Kotu ta ce ƙashin na mai fili ne. A watan Oktoba na 1997 aka kai shi gwanjo a Sotheby's da ke New York, cinikin bai kai minti goma ba aka buga guduma a kan dala miliyan 7.6. Da la'adar dillalai kuɗin ya kai miliyan 8.36. Wato dillali kawai, wanda bai tona ba, bai ɗauka ba, ya tashi da sama da dala dubu 700. Na san a nan za ka nemi kujera. Na kuma san me zai zo maka a rai: ƙasusuwan da ake tarawa a abbatuwa ana ƙonawa a niƙa wa kaji. Kada ka buga waya gida ka ce a saye maka su duka. Nasu na shekara miliyan 67 ne, naka na saniyar jiya.

In numfashinka ya dawo, ka matsa kusa da akwatin gilashin da ke gefe. Kan da ke jikin ƙwarangwal ɗin zubi ne. Na gasken yana cikin akwatin shi kaɗai, domin nauyinsa ya kai wajen kilo 270, wuyan da aka haɗa ba zai ɗauka ba, masu bincike kuma suna yawan buƙatar dubawa. Ya ɗan murɗe, ƙasa ta danne shi tsawon zamani. Ka dubi muƙamuƙin ƙasa ta baya, akwai ramuka zagayayyu da har yanzu ake gardamar abin da ya huda su. Ka dubi haƙarƙarin, akwai inda ya karye ya ɗore da kansa ya bar ƙulli. Daga layukan da ke cikin ƙashin aka ƙirga cewa ya shekara 28. Wannan wurin ya fi farashin burge ni. Dabbar da duk abin da ke motsi a zamaninta yana gudunta, ita ma da ciwo take yawo, ba mai ɗori, ba mai sannu.

Kafin ka ce duk wannan harkar Turawa ce: a wannan garin na Shikago, a jami'arsu, akwai wani masani Paul Sereno wanda ya yi suna da ƙasusuwan da ya tono a Nijar. A Gadoufaoua, cikin Tenere, aka samo Nigersaurus, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda ke kiwo ƙasa-ƙasa. Kusa da Ingal aka samo Jobaria. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ma ana ganin irin waɗannan ƙwarangwal, ba sai da biza ba. Shekara ɗari nawa fataken Kano suka yi suna bin ayari zuwa Agadas, suna taka ƙasar nan, idonsu na kan gishiri da kanwa? Ga wayon da ake ta faɗa.

Daga nan sai zakunan Tsavo, su ma naka ne, domin labarin fata ne. A 1898 Ingila na gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo a Kenya, sai wasu zakuna biyu suka addabi sansanin leburori, galibinsu Indiyawa, suna jan mutum daga tanti cikin dare, har aiki ya tsaya. Injiniyan gadar, Kanar John Henry Patterson, ya harbe su a watan Disamba. Ya jeme fatun ya shimfiɗa a gidansa shekara ashirin da wani abu ana takawa, sannan a 1924 ya sayar wa gidan tarihin a kan dala 5,000. Kwance ne fa, Alhaji, tsohuwar shimfiɗa da aka datse gefenta. Shi ya sa in ka gan su za ka ce ba su kai yadda ake faɗa ba: fatar ta ragu, sai aka gina jikin daidai abin da ya saura. Duka biyun maza ne amma ba su da geza, haka zakunan yankin suke.

Patterson ya ce sun ci mutum 135. A 2009 masana suka gwada gashi da ƙashin zakunan, suka ce abin da suka ci kimanin mutum 35 ne. An kuma ga cewa babban ciwon haƙori ya kama ɗayansu, fiƙarsa ta karye, wataƙila abin da ya sa ya koma farautar da ba ta da wahala ke nan. Mutum ya ƙara ɗari cif a kan kayansa kafin ya sayar. Na so in binciki asalin Kanar ɗin, ko kakarsa ta taɓa zama a Fagge.

Akwai inda zan roƙe ka ka rage murya, ni ma zan rage wasa. A sashen tsohuwar Masar akwai gawarwaki 23 na mutane, a naɗe, wasu yara ne. Mutane ne da danginsu suka yi wa sutura suka rufe da niyyar kada kowa ya sake ganinsu, yau ga su ana wucewa ana ɗaukar hoto. Ni dai ban iya daɗewa a wurin ba, kuma ban ga ilmin da zai ragu ba in an mayar da su bayan labule. Haka sashen Afirka, wanda aka buɗe a 1993. Wasu kayan saye aka yi: wani ma'aikacin gidan, Wilfred Hambly, ya zagaya Angola da Najeriya a 1929 zuwa 1930 yana tarawa, ba na kuma shakkar cewa duk inda ya haɗu da Bakano an ninka masa kuɗi. Amma gidan yana riƙe da ɗaruruwan kayan Benin, da yawansu daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a fadar Oba a 1897, suka bi hannun dillalai har suka iso nan. Jamus ta fara dawo da nata a 2022. A Janairun 2024 kuma wannan gidan ya lulluɓe wasu akwatunan kayan 'yan asalin Amurka, saboda sabuwar ƙa'idar gwamnati ta ce sai an nemi yardar masu abin kafin a nuna. Kai ɗan kasuwa ne, ka san hukuncin wanda aka samu kaya a rumfarsa ya ce shi ma saya ya yi.

Kada ka yi ƙoƙarin ganin komai don ka fanshe kuɗin shigarka. Abin da gidan ya tara ya kusa miliyan 40, abin da ke fili bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran suna ɗakunan ajiya inda masu bincike ke aiki. A can ciki har ɗakin ƙwari gare su, waɗanda aikinsu shi ne su cinye naman da ya rage a jikin ƙashi su bar shi fes. Ba albashi, ba hutu, ba kuɗin sallah. Kada ka tambayi ko suna sayar da iri.

Na bar maka mai zafin a ƙarshe. Ka san waye Field ɗin da sunansa ke goshin ginin? Ba sarki ba ne, ba malami ba ne. Marshall Field ɗan kasuwa ne, mai kantin yadi da tufafi, wato abokin sana'arka. Bayan babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, aka rasa inda za a ajiye kayan da aka tara. Da farko ya noƙe, kamar yadda za ka noƙe, sai wani attajirin katako, Edward Ayer, ya matsa masa har ya ba da dala miliyan 1. Da ya rasu a 1906 ya bar wasiyyar wasu miliyan 8, ginin da za ka shiga kuma aka buɗe shi a 1921. Ko kuɗin Sue, kamfanonin McDonald's da Disney na cikin waɗanda suka haɗa. Kantin nasa, wanda ya fi kowane suna a garin, a 2006 sababbin masu shi suka mayar da shi Macy's. Gidan ƙasusuwan kuwa har yau Field ne.

Mu a jiharmu ta Kaduna muna da Nok, kawunan yumɓu da suka haura shekara dubu biyu, duniya ta san su. Ku kuna da Dala, da Gidan Makama tun zamanin Rumfa, da karofin Ƙofar Mata, da kuɗin da ba mu da shi. In ka dawo, ka tara mutanenka na Kwari da Singa da Wapa ka ba su labarin Field, ka ga ko akwai wanda zai sa hannu a aljihu ba tare da ya tambayi ribar wata nawa ba. In an samu ko mutum ɗaya, ni da kaina zan zo Kano in 'yanta ka a gaban shaidu.

Ka tafi da rigar sanyi, iskar tafkin nan ba ta san babbar riga ba. Tsarabata kuma ka sayo ta a kantin cikin gidan, inda farashi ke manne a jikin kaya, ka haɗo mini da rasit ɗin.