Masu Babur da Shokazoba Ke Tona wa Asiri

Ƙaramin babur irin sikuta tayarsa inci 10 ce ko 12, shi ya sa ramin da babban babur mai inci 17 zai haye salin alin, shi sai ya faɗa ciki gaba ɗaya. Duk wannan duka shokazoban gaba ne ke shanyewa. Aikinsa kuwa babu wani sirri a ciki. Bututu biyu ne, ɗaya na zamewa cikin ɗaya, a ciki akwai sifirin da mai. Sifirin ke ɗaukar nauyi, man kuma yana matsewa ta 'yan ƙananan huji don ya hana sifirin tsalle-tsalle. A bakin bututun akwai robar sil mai riƙe man, a samanta akwai wata mai tare ƙura. Gwajinsa ma kyauta ne: ka kama birkin gaba, ka danna kan babur ƙasa, ka saki. Lafiyayye zai taso sau ɗaya ya tsaya. Sai dai duk wanda ya ɗan zauna a garejin masu gyaran babur ya san cutar ƙarfe ta fi saurin warkewa a kan halin mai ƙarfen.

Malam Haka-Yake

Kan baburinsa na sunkuyawa duk lokacin da ya taɓa birki, yana ci gaba da rausaya bayan an wuce gargada. Man ciki ya daɗe da tsiyayewa, sifirin ne kaɗai ya rage. In ka yi masa magana sai ya ce, "Ai haka yake tun daga kamfani." Ya saba har ya manta yadda lafiyayyen babur yake. Garejin ma gyaran hon ne ya kawo shi.

Mai Tsumma

Wannan ya ga mai na zubowa da idonsa, ya kuma ɗauki mataki: ya yage tsohuwar singileti ya ɗaure wurin. In tsumman ya jiƙe ya sauya wani, kuma a wurinsa sabis ke nan. Abin da ya ƙi ji shi ne, man da ya kuɓuce wa tsumma gangarawa yake zuwa faifan birki, kuma takalmin birkin da ya sha mai ba ya kamawa, sai dai a sake sabo. Kuɗin sil ɗin da yake gudu zai biya su, ya haɗa da na birki, wataƙila har da na tiren mai tallan ƙwai.

Likitan Kansa

Ya kalli bidiyo a YouTube daren jiya, saboda haka umarni ya zo bayarwa. "Oga, shok ne ke ƙara, sauya min duka biyun." Oga bakanike ya kafe babur, ya sa yaro ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, ya kama ƙafafun shok ya ja gaba ya tura baya, sai ga ƙwas-ƙwas daga wuyan babur. Boris ɗin wuya ne ya saki. Da ya juya kan babur hagu da dama kuma sai ya ji yana sarƙewa a tsakiya, alamar boris ɗin ya ci rami. "Malam, shok ɗinka ƙalau yake." Likita ya ɓata rai, don ya fi son a tabbatar masa da ciwo mai tsada da a ce bai canka daidai ba.

Alhaji Rabi-Rabi

An ce a sauya sil biyu. "Ɗaya ce ke yoyo, me ɗayar ta yi min?" An bayyana masa tare aka sa su, tare suka tsufa, kuma in ƙafa ɗaya na da sabon mai ɗayar na da tsoho, ba za su yi aiki daidai ba. Ya ce ya ji. Da aka zo batun mai na musamman, irin mai lamba 10W da ake zuba wa shok, sai ya buɗe ƙarƙashin kujera ya zaro gorar baƙin man da aka juye daga janaretonsa. "Mai ai mai ne." Bayan sati kaɗan zai dawo yana cewa aikin Oga ba ya ƙarko.

Wallahi-Ban-Bugi-Komai-Ba

Yawanci yaro ne da ya yi aro, kuma mai babur na tsaye a gefe. Taya na kallon gabas, kai na kallon kudu maso gabas. In an yi sa'a murɗewa ce kawai, a sassauta notuna a daidaita a ɗaure. In ba a yi ba, sai Oga ya zare bututun ya gangara shi a kan gilashi, kowa ya ga yana ɗingishi. Har a nan yaron na rantsuwa. Sai can ya tuna da wata akuya, sannan da wata kwata da akuyar ta tsaya a bakinta.

Oga Mai Guduma

A yi adalci, ba masu babur ne kaɗai ke da hali ba. Akwai bakaniken da ke ɓanɓaro sil da sukundireba ya karce bututu, ya buga sabuwa da guduma ta shiga a karkace, ya auna mai da ido. Bututun da tsatsa ta ciccinye ba ya gaya maka, alhali ya san kaifin tsatsar zai yanka sabuwar sil. In ka dawo sai ya girgiza kai: "Kayan yanzu ne, Malam, duk jabu."

'Yan Benci

Ba su da babur a garejin, wasu ba su da shi ko'ina. Ɗaya ya ce a cusa guntun bututun ruwa a saman sifirin don ya yi ƙarfi. Wani ya ce a miƙe lanƙwasasshen da wuta. Na ukun ya ce iska ce ta yi yawa a taya, kuma abin haushin shi ne wani lokacin shi ke da gaskiya.

Baba Mai Vespa

Ya zo ne don ya tuna wa kowa cewa tasa ba ta da waɗannan bututu. Hannu ɗaya ne ke riƙe da tayar gabanta, kuma wanda ya zana wa kamfanin Piaggio ita a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne. Wannan duk gaskiya ne. Abin da Baba ba ya faɗa shi ne, bushin hannun nan ya cinye tuntuni, tayar na kaɗa kai, kuma an fi wata ana neman kayan.

Akwai kuma mutumin da ke goge bututun shok idan ya dawo daga ƙura, yana rage gudu a rami, yana zuwa da zarar ya ga zoben mai, ya sauya sil biyu ya biya ba ciniki. Makanikai na yabonsa matuƙa, amma a tsakaninsu sun yarda cewa da irinsa sun yi yawa da rabinsu sun koma sayar da rake.