Ranar da Akuya Ta Tuɓe Mini Hula

Ni malamin makaranta ne a Gangara, cikin Damargu, kuma ina da sanƙo. Maganar sanƙon nan, har safiyar jiya babu mahaluƙin da ya san da ita a garin, don ko banɗaki zan zaga da hulata nake zagawa.

Sanyin Janairu a nan ba shi da kara. Hunturu yana gangarowa daga wajen Agadas, ba dutse ba kurmi da zai tare shi, in ya sami mai sanƙo sai ya yi masauki a tsakar kansa. Hular sanyi ta gwanjo tana nan tuli a kasuwanni, daga Tanut har Belbeji, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma ni mai ilmi ne. Ni ke koya wa yara cewa Baturen nan Barth ya ratsa Damargu a Janairun 1851 tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya isa Kano, ya rubuta yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Zaren tufafin nan, har da na turkudin Kura da Buzaye ke naɗawa, mata ne suka murza shi a tsakar gida. Na ce in tsoffi sun tufatar da Sahara da ɗan tsinke da gululu, ni da takardar shaida a aljihu ba zan gaza rufe kai guda ba.

Damargu ƙasar hatsi ce, ba ta auduga ba, sai da na ba wani direba saƙo ya sayo mini a Kasuwar Dole ta Damagaram. Iya, tsohuwar da nake haya a gidanta, ta zaro taskirarta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe, ta ce rabonta da ita tun zaren kanti bai cika gari ba. Ta nuna mini gurza, yadda ake danna ƙarfe a kan magurji har gurya ta fice, ta nuna mini shiɓa da ɗan baka, ta naɗa mini sutu, ta shafa mini alli a yatsu, ta ce hagu ta ja sama, dama ta murza mazari. A hannunta zare yana fita siriri, sumul. A nawa hannun, nan ya fi abawa kauri, can sai ka kanne ido kafin ka gan shi, tsakani kuma gudaji-gudaji. Saƙar kuwa a salula na koya, wurin wata Baturiya mai fara'a, da wayoyin ƙafar keke huɗu da maƙeri ya feƙe mini.

Sai Baba, mai gadin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe mazari ba, kuma bai ga dalilin da wannan zai hana shi magana ba. Da an yi la'asar zai jawo kujerarsa ya dasa a gabana. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, auduga ba ta maganin sanyi. Rago za ka samu ka aske."

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa tumakinmu, uda ne ko ara-ara, gashi gare su, masu ulu sai irin na Kundum, can bakin kogi wajen Tillaberi. Ya saurara da kyau, ya jinjina kai.

"To raƙumi."

Wata rana ya ce, "Mushe, kaɗi fa aikin mata ne. Namiji masaƙa yake zama, ya riƙa jefa ƙoshiya." Na ce Gandi na Indiya namiji ne, kullum sai ya yi kaɗi, da shi ya yaƙi kayan masaƙun Ingila. Na nuna masa hoton. Ya karɓi salular, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Shekara nawa ya yi yana kaɗin?"

Na ce sun fi ashirin.

"Kuma bai tara na riga ba?"

Hula ta tashi, sai dai a karkace, don zaren da aka cika murzawa, in ba a tufke shi biyu ba, yakan ja saƙa gefe guda. Iya ta faɗa mini haka tun farko, Baba ya ce tufka ɓata lokaci ce. Saura rufe tsakar hula, rezo ya ɗauke. Baturiya ta tsaya cak, baki buɗe, allura a sama, ta ƙi ƙarasa magana.

"Wannan har sai an tambayi Nasara?" in ji Baba. "Zare ƙarafan, ka tattara bakin, ka yi masa zarge irin ɗaurin buhun hatsi. Jelar kuma kada ka yanke, bar ta ta sauka a baya. Hular da ba tuntu ai ba ta cika hula ba. In ka gama ka tsoma ta cikin ƙasari ta kwana. Masaƙa ma da ƙullu suke ƙarfafa zare."

Wannan ta ƙarshen akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi sauran mugunta. Hula ta kwana cikin ƙasari, ta bushe, ta ƙanƙance, ta sandare. Da ƙyar na cusa kaina, ta kama ni gam, tana ƙanshin kunu.

Jiya aka yi suna a gidan ɗaya daga cikin iyayen yaranmu. Bayan asuba aka baza tabarmi a ƙofar gida, kowa ya ƙudundune cikin bargo da rawani. Da yake ni Mushe ne, aka ja ni sahun gaba, kafaɗata na gogar ta liman. A bayana daidai, sahu na biyu, mahaifin yarinyar da nake nema, wanda magabatana ke shirin zuwa gaishe shi. Jikin danga kuma ɗalibaina ne jere, suna jiran dabino. Aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga.

Na ji wani ɗumi a ƙeyata. Na ɗauka albarkar taro ce.

Sai aka ɗan ja ni ta baya, a hankali, da ladabi. Na ji zarge ya sulluɓe. Duk wanda ya taɓa saƙa ya san abin da ke biyo baya, don saƙa zare guda ne, madauki cikin madauki, kowane yana riƙe da na ƙasa da shi, in na ƙarshe ya kuɓuce sauran bin sa za su yi. Tas. Tas. Tas. A fatar kaina nake jin kowane ɗaya. Iska ta sami ƙofa a tsakar kai, 'yar ƙarama tukuna, ta leƙo.

Na saci kallo ta wutsiyar ido. Da irin jar akuyar Maraɗi ce, 'yar guntuwa, da ba ta kai ba. Wannan doguwar akuyar Sahel ce, fara mai dabbare-dabbare, ta ratso tsakanin sahu ta tsaya, ido a lumshe, tana tauna tuntuna tana haɗiyewa. Ƙasari ta ji. Abin da ake ba ta a kwano kullum, yau ga shi an kawo mata a kan mutum.

Hannuwana suna sama. Ina gefen liman, a tsakiyar addu'a, gari duka na bayana. Na ce a raina addu'ar suna ba ta da tsawo, in na daure layi biyu ko uku kawai za su tafi, kuma wa ke kallon kan wani ana roƙon Allah?

Na manta da gudajin zarena. Duk inda warwara ta iso gudaji sai ta cije, akuya ta ja, kaina ya tafi baya, gudaji ya fice, kaina ya dawo gaba. Baya, gaba. Baya, gaba. Liman ya ga haka ta gefen idonsa, ya ɗauka addu'arsa ce ta ratsa ɗan boko. Bawan Allah ya ji daɗi, ya gyara zama. Ya roƙa wa jariri albarka, ya roƙa wa mai jego lafiya. Ya roƙi damina mai kyau, ya roƙi tsari daga fara da jan baki. Ya roƙa wa 'yan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya, ya roƙa wa matafiya a hanyar Agadas. Duk roƙo guda sai kaina ya amsa kafin bakina.

Ƙofar ta zama taga. Ina jin inda warwara take zagayawa, daga ƙeya ta bi ta kan kunnen dama, ta ratsa goshi, ta koma ta hagu, zaren yana shafa fata in ya zo wucewa. Kowane zagaye sanyi yana ƙara samun fili. Amin ɗin da ke bayana ta fara ragewa. Na sahu na uku ta koma tari. Na ji muryar surukina na gobe, muryar da nake tsoro ko a mafarki, ta ce "Amin," ta yi ɗan shiru, ta ce, "Subhanallahi."

Daga can baya sai ga raɗar Baba, irin raɗar da ake ji har bakin rijiya.

"Mushe! Kada ka motsa! In ka motsa za ta gane naka ne!"

Ban motsa ba. Kaina ne kawai ke motsi, shi kuma ba ni ke tuƙa shi ba.

"Ku ƙyale ta," Baba ya ƙara, yana kwantar wa jama'a hankali. "In ta ƙoshi da kanta za ta bari."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaren nan. A hannuna, lokacin kaɗi, ko tari na yi sai ya tsinke. A bakin akuya ko gezau. Ƙasarin Baba ya yi aikinsa.

Liman ya shiga roƙa wa mamata, yana bin su unguwa-unguwa. Nan ne wani ɗalibina, yaron kirki mai ƙaunar malaminsa, ya ɗauki hoge ya jefi akuya. Ta zabura, ta tsallake ƙafafun dattawa, ta yanka a guje da zare a baki. Tas-tas ɗin nan ya koma firrr. Zare ya miƙe a kan rawunan mutane, ya tuɓe wa wani tsoho tabarau, ni kuwa jikina na rawa kamar mazari, hannuwa har yanzu a sama. Sai da warwara ta iso wani ƙulli da na yi kusa da baki ta tsaya, kaina ya yi baya har na ga sararin sama, sannan, a ƙarshe, zaren ya ga dama ya tsinke.

"Fatiha," in ji liman.

Muka shafa. Tafina ya bi fuska, ya hau goshi, ya tsallake wani ɗan zobe mai faɗin yatsa biyu da ya rage a kan kunnuwana, ya sauka a kan fata. Fata zalla, har ƙeya. Rana kuma ta zaɓi wannan lokacin ta fito. Wurin ya yi tsit, har sai da wata 'yar ajin farko ta leƙo daga danga ta sanar, da murya mai daɗi irin wadda na koya musu ta karatu, "Lah! Mushe ba shi da gashi!"

Liman ya juyo ya ba ni hannu, yana magana da ni idonsa na kan zoben. Ban cire shi ba. Har yanzu ban san wanne ya fi ba, cirewar ko barin. Haka na karɓi goro da dabino, haka na gaisa da dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambayata ya sanyi.

Daren jiya ban runtsa ba. Na mayar da abin baya na sake kallo, daga ɗumin ƙeya zuwa Fatiha, na kuma mayarwa, kuma kowane karo a wuri guda nake tsayawa, wurin sahu na biyu. Mutumin nan duk taron babu wanda ya kai shi samun wurin kallo. Tazarar hancinsa da ƙeyata ba ta kai kamu biyu ba. Ya ga akuya ta zo, ya ga ta sunsuna, ya ga ta kama tuntu, ya ga layin farko ya tafi, ya ga abin da ke ƙarƙashi yana bayyana kaɗan-kaɗan. Hannu ɗaya zai miƙa ya kore ta. Yaran da ke jikin danga sun rantse mini cewa har gwiwarsa ya janye ya gyara mata wuri.

Yau da la'asar Baba ya jawo kujerarsa, fuskarsa cike da albishir.

"Mushe, na bincika. Akuyar ta uwar yarinyar ce."

Na dafe kai, na ji hular gwanjo da na aika aka sayo mini da sassafe.

"Alama ce mai kyau. Zarenka ya riga ka shiga gidan. Yanzu ka je ka roƙi a ba ka ita ajiya kwana biyu, ka ɗaure ta a ƙofar ɗakinka, ka sa ido. Zare ba ya narkewa. Abin da ya shiga zai fito, ka wanke, ka sake saƙawa, wannan karon ma sai ya fi laushi."

Ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Amma tuntun ka sa shi a gaba, inda za ka riƙa ganinsa."