Zoɓon Baba a Bab Makka

Wanda ya san Jidda daga tagar mota kawai, wato Kornish da manyan kantuna masu sanyi, bai ga garin ba. Jidda tana Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, inda aka gina benaye da duwatsun Bahar Maliya, tagoginsu na katako suna leƙo lungu. Da la'asar sakaliya, idan zafi ya ɗan sassauta, bakin Bab Makka yakan cika da 'yan talla: masu balila, masu soya hanta, masu burodin tamis, ga kuma matanmu Hausawa sun shimfiɗa zane sun baza gyaɗa da goro da kuka.

A nan na gamu da wani dattijo mai keke, bayan na gama Umara ina jiran jirgin Kano. Ya ɗaure kula a baya cike da zoɓo, kwando a gaba da dafaffiyar masara. Na haɗa ɗan Larabcin islamiyyata na tambayi farashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, yi Hausa kawai, kada ka ji wa kanka ciwo." Kakansa ya zo ne a ƙafa ta Sudan, ya haye teku daga Sawakin. Shi kuma a Karantina ya tashi, kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share unguwar tare da Gulel da Sabil.

"Riƙe min keken nan in yi alwala," in ji shi. Na ce to, Baba.

Ko kwana bai sha ba wani yaro ya ƙwala ihu: "Baladiyya!" Wato ga jami'an hukumar gari nan tafe. Ban taɓa ganin kasuwa ta tashi haka ba. Ashe shimfiɗar zanen nan dabara ce: mace ta kama kusurwa huɗu, kanti ya koma ƙunshi, ta ɗora a ka ta zama mai wucewa. Kan ka ce kwabo ba kowa sai ni, riƙe da keke da haja, ga bizar Umara a aljihu wadda ba ta yarda mutum ya yi sana'a ba. Wa zai saurari bayanin cewa mai kaya yana wanke ƙafa?

Sai na haye. Jallabiya kuwa ba a ɗinka ta don keke ba. Sarƙa ta cafke gefenta, na shiga lungunan Suk Alawi ina tangal-tangal kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Murfin kula ya buɗe, zoɓo ya wanke min baya. Wani Bamisire ya ga fari ya rine ja, ya dafe kai yana salati, yana kiran a kawo motar asibiti. Wata mata kuwa ko a jikinta, ta tare ni ta zaɓi masara biyu, har tana ƙorafin ɗaya ba ta nuna ba. Na karɓi riyal ɗinta, don ban san yadda ake ƙin ciniki da Larabci ba.

Kusa da gidan Nasif, Baba ya cim mini, takalmi a hannu, ruwan alwala bai bushe ba, yana ta kiran "Harami!", wato ɓarawo, da jama'a a bayansa. Da ƙyar na samu bakin magana.

"Baba, wallahi ceton kayanka na yi!"

"Daga wa? Motar kwasar shara ce ta wuce!"

Ya leƙa kula, ya ƙirga ledojin da suka fashe, ya cire kuɗin masara, ya ce saura riyal goma sha biyar a kaina. Na biya. Yana gyara sarƙa ya ɗago ya ce, "Amma fa kana da gudu. Yaushe ne jirgin naka? Yaron da ke tura min keke ranar Juma'a ya yi aure."