Wasiƙa Zuwa Ga Farar Rigar Likita

Ranki ya daɗe,

Da fatan mai guga bai ƙona ki ba. Ni ne ɗaya daga cikin talakawanki masu ciwon suga, waɗanda kike tararwa a jere a kan benci tun sanyin safiya, kati a hannu, ciki wayam, domin an ce kada mu ɗanɗana komai sai an auna jini.

Abin da ya faru yau ne ya sa ni ɗaukar biro. Sai da rana ta take kafin a kira ni, hannuna har ya fara rawa. Yaron da ke sanye da ke, sa'an ɗana, ya dubi takardar gwaji, bai ɗago ya dube ni ba, ya ce: "Baba, an koma satar shan rake ko?" Daga nan ya juya ga ɗana yana zuba masa Turanci a kaina, sai ka ce buhun masara aka kawo awo.

Sata kuma? Ni da rabona da rake da zuma har na manta ɗanɗanonsu? Na san idan awon safe ya kai 7, ko 126 a ɗaya injin, to akwai magana. Na san metformin da abinci ake shan sa. Na san zufa mai sanyi da jiri alamar suga ya faɗi ne, shi ya sa alewa ba ta barin aljihuna. Da ciwon nan nake kwana nake tashi, shi kuwa a takarda yake gaisawa da shi.

Sai ga babbar shawara: "Ka riƙa tattaki na rabin awa kullum da asuba." Madalla! Ta ina zan bi, ranki ya daɗe? Hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ko in miƙa ta 'Yankara? Ko in leƙa ƙauyukan Sabuwa na bakin daji in sha iska? A Ƙanƙarar nan fa, daren 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, aka kora su daji a ƙafa. Mutanenmu sun san tattaki, irin wanda babu likitan da ya rubuta shi. Mutumin da ya tsufa da fartanya a kafaɗa, yana huɗa tun hantsi har azahar, shi za a koya wa motsa jiki? Ba son jiki ya zaunar da shi ba, gonar ce ta gagari zuwa. Kai yaro, ka taɓa jin ƙarar babura tsakar dare ka lissafa 'ya'yanka cikin duhu? Je ka auna sugan wanda ya ji, ka dawo ka yi mini zancen rake!

Haka batun abinci: acca, alkama, kifi. Acca ta mutanen Filato ce da Kudancin Kaduna, mu masara da dawa ke rumbunmu. Da ya tambaya, da mun zauna mun yi lissafin malmala nawa ta dace, wake nawa, zogale da rama nawa. Bai tambaya ba. Wai kuma in sa allurar insulin a firji. Tawa tana gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi, domin randa ba a ɗauke mata wuta.

Kuɗin maganin ma ba a tada zancensa. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magani suka tashi tare. Waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921 dala ɗai-ɗai suka karɓa suka bar wa jami'a haƙƙinsa, don ya isa ga kowa. Yau talaka na raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, a rubuta masa a kati wai ba ya jin magana. Katin ma rabin lokaci ya ɓata. Rubutun da ke ciki kuwa, sai mai kemis da ikon Allah.

Na san masu sa ki sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, wanda ya zauna da mu a wannan yanki ya ci a gode masa. Amma gajiya ba ta hana sallama. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ranar kasuwa zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya saurare ka har ka gama. Can tsofaffinmu ke komawa, sai ƙafa ta ruɓe a dawo miki da su a kwance.

Don Allah ki raɗa wa na cikinki: ya ɗago kai, ya tambaye mu me muka ci da dalilin cin sa, kafin ya fara faɗa.

Naki mai biyayya, in an bar shi ya yi magana,
Wani mai kati daga ƙasar Faskari