Gida Naka, Suna Na Wani

A Ingila da Wales za ka iya biyan kuɗin gida cif, a miƙa maka makulli, uwargida ta jera kwanoni, maƙwabta su shigo barka da tarewa, alhali a wurin doka gidan na wanda ya sayar maka ne. Dokar rajistar filaye ta 2002, sashe na 27, ta ce mallaka ba ta dawowa hannunka sai an shigar da sunanka a kundin ofishin rajistar filaye, wato HM Land Registry. Kafin nan, tsohon mai gidan, wanda ya ci kuɗin ya sha ruwa a wani gari, riƙon amana yake yi maka. Amanar da shi kansa ya manta da ita.

Abin dariyar yana sashe na 74. Takardarka ta neman rajista na iya yin wata da watanni a layi, amma ranar da ma'aikaci ya waiwaye ta, sai a rubuta cewa ka zama mai gida tun lokacin da ta iso ofis. Kamar a raɗa wa yaro suna yana rarrafe, liman kuma ya dage cewa ranar bakwai aka yanka ragon.

Lauyoyi, da yake sun san halin ɗan Adam, sukan kama maka layi tun da wuri: wani bincike da ke tsare maka wuri na kwana 30 na aiki, kada mai bin tsohon mai gidan bashi ya riga ka kai tasa takardar. Idan lauyanka ya yi barci har kwanakin suka ƙare, to, kwanonin dai na uwargida ne.