Masu Mulki Ba Rawani

Tun daga Goronyo har gangarowa Wurno, duk inda Gulbin Rima ya ratsa fadama sai ka tarar da ƙungiya: ta masu shinkafa, ta masu albasa da tafarnuwa, ta samarin gari, har da ta waɗanda babu abin da ya haɗa su sai jin labarin za a raba taki. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, ta tara ruwa ta kuma shimfiɗa noman rani, amma a kan ƙaramar magudanar da manoma ashirin ke sha, wa zai ce yau ruwan wane ne, gobe na wane? Wannan sai manoman da kansu. In ka tambayi da yawa cikinsu wa ke riƙe da ƙungiyar, da alfahari za su ce maka, "Mu nan ba mu da babba, duk ɗaya muke." A ganina babu maganar da ta fi wannan cutar talakan ƙungiya. Manyan suna nan daram, sunansu ne kawai ba a faɗa, kuma wanda ba a naɗa ba, ba a iya tuɓe shi.

A fara da Alhaji mai zaure. Shi bai taɓa neman muƙami ba, in ma an yi masa tayi sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni wa ni ke? Ku ad da ƙungiya." Sai dai a ƙofar gidansa ake taro, tabarmarsa ce, butarsa ce, goron ma daga aljihunsa ya fito. Rabin waɗanda ke zaune da injinsa suka yi ban-ruwa bara, sauran rabin kuma akwai bashin irin albasa a kansu. Ba ya magana sai kowa ya gama. Matashi zai tashi ya kawo shawara mai ma'ana, a yi ta gyaɗa kai, sannan Alhaji ya yi gyaran murya, ya ɓantari goro, ya ce, "To, Allah shi zaɓa muna abin da ya fi alheri." Nan take waɗanda suka gyaɗa kai su gane ashe shawarar ba ta da kyau. Bai hana ba, bai yi umarni ba. In abu ya yi kyau, albarkacin Alhaji. In ya lalace, ai jama'a ce ta yanke. Ko Sarkin Musulmi bai samu mulki mai sauƙi irin wannan ba, domin shi ana kai kuka ƙofarsa.

Kusa da gwiwar Alhaji akwai mai littafi. Ranar farko da aka ce a rubuta sunaye shi kaɗai ke da biro, to daga ranar ya zama magatakarda, ma'aji, kuma mai binciken ma'aji. Littafin na ƙarƙashin katifarsa. Duk sunan da za a kai Sakkwato don taki ko bashi ta hannunsa zai bi, kuma wani ikon Allah, in jerin ya dawo sai a tarar danginsa sun hayayyafa a cikinsa, har da kawunsa da ke sayar da shayi a Legas. Abokin tafiyarsa shi ne mai hanya, wanda kullum "ya yi magana da su". Su wa? Ba a tambaya. Yana da lambar wani a hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ko dai ya ce yana da ita, kuma jarinsa duka shi ne kada kowa ya samu lambar nan.

Na bakin ruwa ba ya son a tsara kome, don tsari zai rage masa. Gonarsa ce farkon magudana, fangalinsa kullum a cike, saboda haka shi ne ya fi kowa wa'azin zumunci: "Haba, 'yan uwa da juna har sai an rubuta ranar ruwa?" Na can ƙarshen magudana, wanda albasarsa ta fara sunkuyar da kai, in ya ɗaga murya sai mai ba da haƙuri ya taso. Wannan dattijo ne mai daɗin baki, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa ba mai ƙarfi haƙuri ba. Na ƙasa yake lallashi. Akwai kuma zakin taro, mai jijjiga yatsa yana rantsuwa yau sai an yi ta ta ƙare. Farashinsa sananne ne: buhun taki ɗaya, sai ka ji makogwaronsa ya kama har kaka. Duk wannan hayaniya kuwa wasa ce, don mutum huɗu sun riga sun gama magana daren jiya bayan sallar isha'i.

Abin ba na Hausawa kaɗai ba ne. A 1970 wata Ba'amurkiya, Jo Freeman, ta lura da haka a ƙungiyoyin mata masu fafutuka da suka ƙi yin shugabanni don gudun danniya: abin da ya biyo baya shi ne 'yan tsirarun ƙawaye suka riƙe kome, ba mai iya tuhumarsu tunda a baki ba su riƙe kome ba. Kuma ba duka masu irin wannan iko ne miyagu ba. Ga sarkin wahala nan, wanda shi ke yashe magudana, shi ke bi gida-gida karɓar kuɗin mai, shi ke kwana gadin inji. Ya cancanci a saurare shi. Amma bayan shekara biyar shi kaɗai ya san yadda ake kome, ya fara jin haushin duk mai tambaya, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ƙungiyar ma ta kwanta.

Mai musu zai ce, to mun ga masu muƙamin ai. Gaskiya ne. Shirin Fadama na Bankin Duniya, tun farkon shekarun 1990, ya sa manoma su haɗa ƙungiyoyi masu rajista, shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ma ta ƙungiyoyi ya bi. Daga nan muka samu wata sabuwar halitta, ciyaman na takarda: ga hatimi, ga hoto, ga sa hannu a banki, amma ko kujerar taro ba ya iya matsarwa sai ya saci kallon Alhaji. Sai dai wannan hujja ce a kan muƙamin da aka ƙaga don cika fom ɗin wani, ba a kan muƙamin da jama'a suka yanka daidai buƙatarsu ba. Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa a Nepal magudanan da manoma ke gudanarwa sau da yawa sun fi na hukuma kai ruwa ga na ƙarshe, kuma sirrinsu dokoki ne da kowa ya sani, da mai sa ido, da tara. A Balansiya ta ƙasar Sifen har yau manoman da aka zaɓa suna zaman shari'ar ruwa kowace Alhamis a bainar jama'a. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Kakanninmu ko mahauta ba su bari haka nan ba sai da Sarkin Pawa, ga Sarkin Noma, ga Sarkin Samari. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi sai da ya ware wa waziri da alƙali da sauran mataimaka aikinsu, Muhammadu Bello kuma da ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, da wannan tsari ya zauna. Dubi uwar adashi: in kwasa ta zo kuɗi bai cika ba, kowace mace ta san ƙofar da za ta tsaya ta ce, "Inna, ina zubina?" Muƙami igiyar guga ne, da ita ake jawo wanda aka zura.

Wani musun ya fi ƙarfi: kunya da sanin juna sun fi takarda riƙe ƙauye, zaɓe kuma yana raba 'yan uwa. Akwai gaskiya a ciki, matuƙar ruwa na wadace. Amma a shekarar da madatsar ta ja baya, kamar ranin 2018, kunya na ƙarshen magudana kaɗai take kamawa. Inda kuma ƙungiya ta riƙe bindiga maimakon fartanya, dariya ta ƙare. Mutanen Rabah da Goronyo sun sha azabar 'yan bindiga, ba mai zargin wanda ya tashi kare garinsu. Amma 'yan sa-kai da ba a san mai ba su umarni ba sun kai ga kisan da ba wanda za a tambaya, har gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta su a ƙarshen 2021.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: a faɗi sunan mai riƙe da kuɗi, a karanta littafi a gaban kowa bayan girbi, a manna ranakun ruwa a bangon masallaci, a sa wa kowane muƙami wa'adi. Ranar da aka kawo wannan shawara, Alhaji zai fi kowa yabawa. Zai rantse shi kam ba ya so, ya tsufa, a ba yara. Sannan ya ɓantari goro, ya tambaya ko jama'a sun lura da natsuwar yaron nan mai auren 'yarsa.