Likitocin Mota da Majinyatansu, Daga Salaga Zuwa Bawku

Tun zamanin da fataken Kano da Katsina ke kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar Salaga, ya sa Alhaji Umaru da jama'a masu yawa suka yi ƙaura zuwa Kete Karaci, ba a taɓa rasa wani mutum a zangunan ƙasar nan ta Gana ba wanda sana'arsa ita ce ya dubi abin hawan ɗan'uwansa ya faɗi cutar da ke damunsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Jikokin fataken nan yau sun bar jaki, sun kama motocin Jamus irin su BMW da Mercedes, waɗanda aka ƙera domin hanyoyin da a wasu sassansu hukuma ba ta ƙayyade gudu ba, suka ci ƙuruciyarsu a can, sa'an nan da tsufa ya fara kama su aka loda su a jirgin ruwa aka sauke a Tema, aka nufo arewa da su cikinsu na sharar ƙasa, domin su ƙarasa sauran kwanakinsu tsakanin jar ƙurar Yendi da Bimbila da zafin Bawku, inda a watan Maris ma'auni kan haura 40.

Alamomin cutar sanannu ne ga kowa. Rana takan ƙona robar dashbod har ta tsage, hunturu ya busar da fatar kujera, gefen kujerar direba ya kwanta saboda shiga da fita, marfin ƙofa ya riƙa kaɗawa, wata fitila rawaya ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. A kan alamomin dai an yi ijma'i. Inda saɓani ya shigo shi ne dalili, domin na lura kowane mai magani yakan samu a jikin mota ainihin cutar da yake da maganinta a shagonsa.

Shaihin jama'ar nan shi ne tsohon bakanike mai aiki da kunne, wanda ya yi karatunsa a Suwame ta Kumasi zamanin Peugeot 504 da Bedford, kuma isnadinsa ba ya yankewa, don yakan lissafa maka maigidansa da maigidan maigidansa har ya dangana da wanda ya gyara motar wani Bature. Yakan ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido, gareji ya yi tsit, can ya nisa ya ce, "Alhaji, wannan mota ta sha wuya." Kada mai karatu ya raina shi, gama kunnen nan yakan rarrabe kukan boris da na bel tun motar ba ta tsaya ba. Illa dai mazhabarsa ta ginu a kan asali guda: duk abin da bai san amfaninsa ba, Turawa ne suka ƙara saboda sanyin ƙasarsu. Da wannan ƙiyasi yake cire tamostat, ɗan bawul ɗin nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefa a gwangwanin da yake tara irinsa. Ita kuwa ƙwaƙwalwar motar, da ta ga inji ya ƙi zafi, sai ta ɗauka har yanzu asuba ce a Jamus, ta yi ta ɗura masa fetur, Alhaji na ta mamakin yadda mota ta koyi israfi.

Abokin hamayyarsa saurayi ne mai kwamfuta, wanda ba ya taɓa baƙin mai, farar rigarsa ma shaida ce. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura mota ta faɗi kokenta da lambobi. Shi wannan ya haddace matanin amma bai zauna gaban kowa ya ji sharhi ba. Bai san cewa lamba tana nuna inda aka ji zafi ne, ba abin da ya kawo zafin ba, har yakan sa a sayi sabon sansa alhali ɓera ne ya ci waya. In abin ya gagara sai ya danna goge, fitila ta mutu, ya karɓi sidinsa, mai mota ya bar Bawku yana sa albarka, bai kai Zebila ba ta sake kamawa. Tsohon yana kiransa mai duba, shi kuma yana kiran tsohon mai canki-canka, kuma a iya sanina duk sun faɗi gaskiya.

Amma wanda ya fi cancantar dogon babi shi ne mai ɗinkin kushin, domin shi ne ke shiga inda sauran ba su shiga. Su ma kashi biyu ne. Akwai mai haƙuri, wanda ya san cewa tsakanin yadin silin mota da allonsa akwai wani siririn soso, kuma soson ne zafi ke mayarwa gari, shi ya sa yadin ke saki ya sauko a kan hular mai gida kamar gidan sauro. Wannan yakan fitar da allon ɗungum ta ƙofa, ya kankare garin da buroshi har ya ga fes, ya nemo sabon yadi mai sosonsa da gam mai jure zafi, ya shafa, ya jira ya sha iska, ya shimfiɗa daga tsakiya zuwa gefe; ya ce ka dawo jibi, kuma saboda wannan jibin ne kasuwarsa ba ta cika ba. Akwai kuma mai gaggawa, wanda ke tura gam a kan garin soson yadda yake, ya danne da tafin hannu, ya ƙarfafa da filfil ɗin tela guda ashirin, aiki ya yi kyau har zuwa la'asar. Shi ne mai ɓalle marfin ƙofa da ƙarfin tsiya, 'yan maɓallan robar da ke riƙe da shi su kakkarye, ya maye gurbinsu da ƙusar kafinta. In ka ce masa fatar saniya kake so, sai ya rantse da cewa wannan ledar daga Italiya ta zo. In ka ce baƙi kake so, ya ce baƙi yana jan zafi, ya ba ka ragowar yadi mai furanni da ya yi wa wata amarya kujerun falo da shi.

A nan wajibi ne in bar raha na ɗan lokaci. Da yawa daga kujerun motocin nan akwai jakar iska ɓoye a gefensu, kuma da gangan maƙera suka yi ɗinkin wurin da rauni, domin ran haɗari jakar ta fasa shi ta fito. Mai gaggawa kuwa, da niyyar kyautatawa, yakan bi wurin da zare mai kauri sahu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan har jikokinka." Hakanan mai ɗinkin kushin ne ke ɗaga kafet ya tarar da busasshen laka da tsatsa a ƙafafun kujera, ya gane motar tana cikin waɗanda ambaliya ta ci a Amurka aka yi gwanjonsu, a sa'an nan ne ake sanin ko mai amana ne, ko kuwa mai mayar da kafet ya fesa turare.

Majinyatan ma ba su da sauƙi. Akwai mai waswasi, wanda ke jin wata 'yar ƙara da babu wanda ke ji sai shi, ya ɗauki bakanike da yaronsa a yi ta zagaya Yendi, ya hana kowa numfashi, yana cewa "Ka ji ta? Ka ji ta?", a kwance rabin mota, a ƙarshe a sami busasshen ɓarin goro a aljihun ƙofa, ya tafi gida ba da farin ciki ba, don an raba shi da abin hira. Kishiyarsa shi ne mai tawakkalin da bai ɗaure raƙumi ba, wanda ya liƙe fitilar rawayar da baƙin salatif, ya lulluɓe tsagar dashbod da darduma mai gashi, ya ce shi tun da ya yi haka motarsa ba ta sake ciwo ba. Sai kuma ɗan ci-rani da ya dawo daga Hambog ko Birons da mota mai ƙofa biyu, wadda aka yi wa mutum ɗaya da jakar hannunsa, bai yi lissafin haƙƙin zumunci ba: kafin mako ya zagayo ta ɗauki gwaggo da inna zuwa suna, ta ɗauko doyar Salaga, da buhun albasar Bawku, da zabi huɗu waɗanda suka bar sa hannunsu a kan farar fata. Shi ne mai zuwa gareji da sassafe, kafin 'yan benci su hallara.

Su 'yan bencin nan ba su taɓa mallakar ko keke ba, amma babu motar da ke shiga gareji ba tare da fatawarsu ba, kuma ba su karɓar ko kwabo, abin da ya sa ba a iya korarsu.

Ƙarshen kowace jinya kuwa hannun dillalin kayan gyara take komawa, mutumin da shagonsa wayarsa ce, kuma yake da ɗan'uwa a Suwame da aboki a Abosi Okai ta Ankara. Da ka faɗi sunan abu, tun ba ka rufe baki ba ya ce akwai, a kawo kafin alƙalami. Mako na farko kaya sun taso. Na biyu suna Yeji suna jiran jirgin fito zuwa Makango. Na uku an yi wa direban rasuwa a danginsa. Ran da dashbod ya iso, lafiyayye ba tsaga, aka taru aka yi barka, aka ɗora, sai a ga gurbin sitiyari yana dama, domin daga motar Ingila aka ciro shi, alhali Gana ta bar tuƙin hagu tun ran 4 ga Agusta 1974. Dillali ya zagaya motar sau biyu, ya shafa gemu, ya dubi mai ita ya ce, "Alhaji, kaya dai ba su da aibi. In ka yarda, akwai wani yaro a Tamale da ke mayar da sitiyari dama, kuma zai yi maka sauƙi saboda ni."